Wayar da Na Ɗaura a Laftof ɗin Marigayi

Salama gare ku, masu bin wannan shafi. Ga wanda yau ya fara cin karo da mu, sunana Nababa, ina zaune a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta, kuma labarin neman auren 'yata nake ba ku. Sunanta Zulaihatu, amma da yake sunan mahaifiyata ta ci, Ummi nake kiranta. Na daɗe ina kewaye abin da zan faɗa yau, domin laifina ne.

Shekara ashirin da biyu na yi ina gyaran rediyo a kasuwar Ɗanbatta. Rumfata tana bayan 'yan gyaɗa. A lokacin, manomi zai sayar da amfaninsa, ya zo min da rediyonsa cikin rigar da matarsa ta ɗinka mata, ya ajiye a hankali kamar jariri. Mutum biyar, shida za su zauna a benci suna shan rake suna kallon hannuna. Idan na taɓa dalma hayaƙi ya tashi, rediyon ta yi tari ta kama magana, sai ka ji benci ya ɗauki salati. Har yau idan na ji ƙamshin dalma sai in ji kamar ranar kasuwa ce, kuma gwiwoyina ba sa ciwo.

Daga baya wayar hannu ta zo da rediyo a cikinta. Na rufe rumfa na koma gona.

Ummi ce ta ɗauki hannun gyaran. Ta yi shekara biyu a Bacirawa ta Kano wajen ƙanwata, tana zuwa wani shago a birni koyon gyaran laftof. Da aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya gagari kowa, sai ta dawo gida. Na gyara mata ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure, muka ɗora farantin sola biyu a kan rufi. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai su ke kawo mata aiki. A shekarar nan da mutane ke dafa rama su kwana a kanta, ba zan ɓoye muku ba, hannun yarinyar nan ne ya riƙe tukunyarmu.

A nan Khalilu ya ganta. Malamin sakandare ne a Ɗanbatta, yaro mai kunya, ko gaisuwa yake sai ya cire takalmi tun daga bakin zaure. Matsalar ita ce mahaifiyarsa, Hajiya Kulu. An kawo mana maganar da ta faɗa, cewa ba ta ga abin da ɗanta zai yi da yarinyar da ke wuni tana kwance kayan mutane ba, wai ita a saninta 'yan gyara ƙara lalata abu suke yi.

Ranar wata Litinin a tsakiyar damina Khalilu ya zo da laftof naɗe a cikin sallaya. Ta mahaifinsa ce, marigayi Malam Muntaka, tsohon hedimasta. Na san shi sosai, rikodarsa ta fi kowace rikoda zuwa rumfata. Mutum ne mai son ɗaukar murya. Karatunsa, hirarsa da yaransa, har ranar sunan Khalilu, duk ya ɗauka a kaset. Kafin ya rasu aka juye su cikin laftof ɗin, kaset ɗin kuma gara ta cinye su a kwali. Wata uku da suka wuce laftof ta mutu, ko ɗigon haske babu.

“Mutum biyu na kai wa a birni,” in ji Khalilu, idonsa a ƙasa. “Duk sun ce sai dai a canza bod gaba ɗaya.”

Bod shi ne faifan nan kore da ke ciki, wanda komai ke zaune a kansa. Ummi ta juya laftof ɗin ta duba lambarta.

“Irin wannan ma'ajiyarta a manne take da bod,” ta ce. “In aka canza, muryar ta tafi. Sai dai a tayar da wannan ɗin.”

“Abin da na gaya wa Hajiya kenan. Sai ta ce in kawo miki.” Ya ɗago ido. “Ta ce ranar kasuwa za ta zo da kanta ta karɓa.”

Ba sai an yi mana bayani ba. Jarrabawa ce.

Bayan ya tafi na ji Ummi tana karanta wa uwarta Hure saƙon da ya turo, ni kuma ina bayan zana ina ɗaure akuya.

“Ki yi haƙuri da na ɗora miki wannan. In bai yiwu ba, ni dai ina nan.”

“Me kika ce masa?” in ji Hure.

“Na ce masa ya daina tura saƙo yana tuƙa babur.”

Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Washegari ta buɗe laftof ɗin ina tsaye a kanta. Ta ɗora mita a bakin da wuta ke shiga, ta bi layin a hankali, ta tsaya a kan wani ɗan abu fari.

“Fiyus ya tsinke,” ta ce.

“Alhamdu lillahi. Ashe abin kaɗan ne.”

“A'a Baba. Fiyus ba ya tsinkewa haka kawai. Wani abu a ciki yana zubar da wuta, shi ya sa ya yanke. Sai na gano shi tukuna.”

Ta yi wa wurin alama da jan biro. Sifirit ɗin da take goge bod da shi ya ƙare, kuma tana son tsohon bod irin wannan da za ta ciri kaya a jikinsa, don haka ta sa hijabinta ruwan toka ta bi motar Kano. Ta ce kwana biyu za ta yi. Ta rufe aikin da farin ƙyalle ta ja ƙofa.

Ku da kuke da 'ya'ya mata za ku gane halin da na shiga. Ina gona ina cirar ciyawa a gindin gero, zuciyata tana ɗakin nan. Saura kwana huɗu. In motar ta lalace fa? In ba ta samu bod ɗin ba fa? Ina ganin Hajiya Kulu tana naɗe laftof a sallaya tana cewa dama ta faɗa. Ummi ta kai ashirin da huɗu, sa'o'inta duk suna goye da na biyu. Tun da take ban taɓa ganin ta tsaya gaban madubi tana gyara ɗaurin ɗankwali saboda wani ba sai wannan yaron.

Kuma fiyus ne fa. Fiyus nawa na haɗa a rayuwata? A rediyo, in ya tsinke, sai ka zare silin tagulla ɗaya daga tsohuwar waya, ka murɗa sau biyu, ka ɗora a kai ka ɗiga dalma. Mai rediyo ya tafi yana sa maka albarka. Na ce a raina yaran yanzu karatu ya sa musu tsoro.

Ranar Laraba da azahar rana ta buɗe. Na shiga ɗakin, na ciro tsohon ayan ɗina na narka dalma daga akwatin ƙarfe, wanda bakinsa ya kai kaurin ɗan yatsa. Na murɗa silin sau biyu, na ɗiga dalma, ya zauna kyau kamar a shekarun baya. Wallahi daɗi na ji. Na yi bisimilla na soka caja.

Ɗan haske ya ƙifta. Sai na ji ƙara kaɗan, tas, kamar an taka busasshiyar gyaɗa. Wani siririn hayaƙi ya tashi daga gefen bod ɗin, kuma ba ƙamshin dalma ba ne.

Na fizge cajar. Na tsaya ina kallon baƙin tabo kamar girman ƙwayar wake.

“Malam, warin me nake ji?” Hure ce daga tsakar gida.

“Tsohuwar waya ce.”

Ta leƙo, hannunta duk garin tuwo. Ta kalli ayan, ta kalli ƙyallen da na yi saurin mayarwa, ta kalle ni.

“Tsohuwar waya,” ta ce. Ta juya ta tafi. Ranar ba ta ƙara yi min magana ba, abinci ma a bakin ƙofa ta ajiye.

Alhamis da hantsi Ummi ta dawo, gefen zanenta duk taɓo, tana murna ta samo bod ɗin. Ko ruwa ba ta sha ba ta shiga ɗakin. Ina zaure ina jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Na ji ta ɗaga ƙyalle.

“Baba.”

Na shiga. Tana riƙe da gilashin ƙara girma a kan fiyus ɗin.

“Murɗi biyu,” ta ce a hankali. “Tun ina ƙarama na san ɗaurin nan.”

“Ummi, so na yi ki dawo ki tarar…”

“Na sani.”

Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ta jawo kujera ta ce in zauna, ta ɗauki mita.

“Ka tuna noman rani a Bagwai? In hanyar ruwa ta fashe a tsakiyar gona, mai ƙofa yakan rufe. Fiyus shi ne mai ƙofar. Kai ka zo ka ɗage ƙofar gaba ɗaya, ruwan ya tafi da kunya.” Ta nuna baƙin tabon. “Wannan mosfet ne, makunnin da wuta ke fara bi. Ya ƙone. Layin tagullar da ke ƙarƙashinsa ma ya ɗago. Ita kuma ɓarakar farko tana nan inda take.”

“Ya kai ga muryar?”

“Ban sani ba. Sai ta tashi za mu sani.”

Muka fara. Na'urar hura iska mai zafi da take cire kaya da ita, wadda suke kira bulowa, tana shan batirin sola ƙwarai, ga hadari kullum. Don haka daga sha ɗaya zuwa azahar kawai muke da shi. Ranar ta cire silin wayar da na ɗaura da ƙonannen mosfet, ta kankare gawayin da bakin reza, ta shimfiɗa wata waya mai sirantar gashi a madadin layin da ya ƙone. Ni nake riƙe mata fitila. Ta ciro mosfet daga tsohon bod ta dasa. Ta ɗora mita, mita ta yi kuka, alamar har yanzu wuta tana zubewa.

Juma'a kafin masallaci ta ce yau za mu kama ɓarawon.

“Bolt ɗaya kawai zan saka masa, ba sha tara na caja ba. Duk abin da ke shan wutar zai yi ɗumi.”

Ta saka. Ta bi bod ɗin da yatsa, ta girgiza kai. Ƙananan abubuwa ne jere kamar an watsa gero, sun fi ɗari.

“Ba na jin komai.”

“Ba ni nan,” na ce.

Ta ɗan riƙe shi, ta kalle ni.

“Ba zan taɓa da ƙarfe ba,” na ce.

Yatsuna fartanya ta kashe su. Amma a rumfa, in muna neman abin da ke zafi a rediyo, da leɓe muke nema. Na ɗaga bod ɗin na bi shi a hankali da leɓena na ƙasa, kamar mai ɗanɗana koko. Gefen caja sanyi. Tsakiya sanyi. Kusa da inda batir ke shiga na ji ɗan ɗumi, kamar numfashin jariri.

“Nan.”

Ta ɗiga sifirit a wurin, muka sunkuya. Ko'ina yana jiƙe yana sheƙi, sai kan wani ɗan abu ruwan ƙasa da ya bushe nan take.

“Kafasita,” ta ce. “Kwandansa, a yarenku na da.”

Ta ɗauke shi da hantsaki ta ajiye a tafin hannuna. Bai kai ƙwayar gero ba. Ta ɗora mita, mita ta yi shiru. Ta dasa wani, ta sa sabon fiyus, ta soka caja. Bolt sha tara ya shiga. Ta auna gaba, biyar ya tsaya, uku da ɗigo uku ya tsaya. Tana kai hannu za ta kunna, inbatar sola ta yi ƙara, wuta ta ɗauke. Sama ta yi baƙi ƙirin. Asabar ma haka aka wuni ana ruwa.

Ummi tana da wata al'ada. Duk abin da ta cire a kayan mutum, takan manna shi a takarda ta rubuta sunansa, ta ba mai shi. Na gan ta tana manna uku: fiyus, kafasita, da ƙonannen mosfet.

“Wannan na ukun ki bar shi mana,” na ce.

“Khalilu ya ga bod ɗin a birni, ya san babu ƙuna. Kuma ban taɓa ɓoye wa mai kaya abin da na cire ba.”

“To me za ki ce?”

“Zan ce a wajen gwaji na ƙona.”

“Ummi, matar nan abin da take jira ta ji kenan.”

“Baba, kai za ka zauna a gaban surukai a ce ka yi ɓarna? Ka bar min.”

Da yamma saƙo ya shigo wayata daga Khalilu: “Baba barka da yamma. Hajiya ta ce in Allah ya kai mu gobe bayan azahar.” Na karanta ya fi sau goma.

Ranar kasuwa rana ta fito wajen sha ɗaya. Ummi ta ce a bar batir ya sha sosai, kada wuta ta yanke ana tsakiyar tashi. Ba mu kai ga gwadawa ba muka ji babur. Ko azahar ba a kira ba.

Khalilu ya tsaya a waje gindin darbejiya. Hajiya Kulu ta shigo cikin leshi ruwan zuma da babban mayafi fari, tana ɗage gefensa saboda taɓo. Doguwa ce, ba ta da yawan murmushi. Hure ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma ta kawo fura, amma Hajiya ta ce a kai ta inda aikin yake. Ta zauna a kujerar Ummi ta ƙare wa ɗakin kallo, har kwalaben da aka jera ƙananan noti a ciki.

Ummi ta durƙusa ta gaishe ta. Atamfarta kore ta saka, wadda ta ɗinka da ƙaramar salla. Ta miƙa takardar da hannu biyu.

“Hajiya, wannan shi ne asalin ciwon. Wannan fiyus ne da ya tsinke saboda shi. Wannan na ukun kuma…”

“Wannan baƙin fa? An ce min babu abin da ya ƙone.”

“Shi ne nake cewa, a wajen…”

“Ni na ƙona shi, Hajiya.”

Daga bakin ƙofa na faɗa. Muryata ma ban gane ta ba. Na gaya mata komai, tafiyar Ummi Kano, da silin waya, da hayaƙin. Na ce yarinyar ta hana tun farko, ni ne ban ji ba. Na ce in muryar Malam ta tafi, a wuyana take.

Hajiya ta daɗe tana kallona.

“Nababa mai rediyo,” ta ce. “Malam yakan ce gyaranka yana kai mutum gida, amma ba ya kai shi mako.”

“Yakan dawo dai, Hajiya.”

“Yakan dawo. Hira yake zuwa yi.” Ta juya ga Ummi. “Kunna.”

Ummi ta soka caja. Ɗan haske fari ya kama, ya tsaya. Ta yi bisimilla ta danna. Fanka ta juya. Gilashin laftof ɗin ya daɗe baƙi, sannan ya kawo haske. Ta nemo inda aka adana muryoyin, ta danna na farko.

Aka ji shuuu irin na kaset. Aka ji gyaran murya. Sai ga Malam Muntaka, kamar yana zaune a bencina:

“Kulu, ki kama yaran nan mana, ɗauka nake yi.”

Daga can nesa muryar Hajiya Kulu tana ƙuruciya ta amsa, “To ka ɗauke su da kukan nasu.”

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Babu wanda ya motsa. Muka bar shi ya karanta kusan shafi guda, da 'yar sheshshekar nan tasa a ƙarshen aya. Ni ma na juya ina kallon bango.

Da ta sauke mayafin idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta canza ba.

“Zulaihatu, da ubanki bai yi magana ba, me za ki ce min?”

Ummi ta sunkuyar da kai. “Zan ce ni ce.”

“Ƙarya za ki yi min kenan.”

“E, Hajiya.”

Hajiya ta ninke takardar nan mai ƙananan kaya uku ta saka a jakarta. Ummi ta juye muryoyin a wani ɗan filashi ta ba ta, ta ce a ajiye shi daban ko da wani abu zai sake faruwa. Hajiya ta karɓa, ta naɗe laftof a sallaya da kanta, ta rungume ta ta miƙe. Furar ma ba ta taɓa ba. Hure ta dube ni, na dube ta.

Na raka ta zaure. Har ta sa ƙafa ɗaya a waje ta tsaya.

“Malam Nababa, a gidanku wa ake samu da maganar aure?”

Na rusuna na amsa.

“Yayana. Yana Bagwai.”

“To a gaya masa ya zauna a gida ranar Juma'a.” Ta gyara riƙon sallayar, ta ɗaga murya yadda za a ji daga ɗakin gyara. “Maganar wannan aikin nata kuma bayan biki, ni da ita ce. Ba da kai ba, ba da Khalilu ba.”

Babur ya tashi. Na koma ciki na tarar da Ummi tsaye da hantsaki a hannu, ta ji komai.

“Baba,” ta ce, “me take nufi?”

Ban sani ba. Na dai gaya mata ta zauna ta sha furar nan kafin ta yi tsami.